Tun da aka ce wa yayata tana da sankarar mama ta daina magana: jimami ne ko wani ciwo ne daban?

Ɗan Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti, da kuma waɗanda irin wannan jarrabawa ta taɓa shiga gidansu, domin al'amarin ya fi ƙarfin tunanina. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta sun ɗan haura arba'in, tana sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, kuma ita ce ta riƙe mu tun bayan rasuwar mahaifinmu. A watan jiya ne sakamakon gwajin ɗan naman da aka ciro daga wani ƙulli a mamanta na hagu ya fito, likita ya tabbatar mana cewa sankara ce, ya kuma ce za a fara da allurar kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, kafin a zo maganar tiyata. A cewarsa ciwon bai kai ga huhu ko hanta ba, saboda haka akwai kyakkyawan zato idan aka bi magani yadda ya kamata.

Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne halin da ta shiga. Matar da muryarta kaɗai ke cika gida ta koma ba ta magana sai an tambaye ta, amsar ma ba ta wuce kalma biyu. Ba ta kuka ko kaɗan, alhali da kukan take yi da hankalina ya fi kwanciya. Kokon safe yakan huce a gabanta har a zo a ɗauke. Tana farkawa tun kafin kiran assalatu ta zauna a bakin gado har gari ya waye, kuma idan wayarta ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji gabanta na faɗuwa, domin tana zaton daga asibiti ne. Ta miƙa wa yarinyar shagonta makullai, ta fara rarraba wa 'yan'uwa zannuwanta na cikin akwati, tana yawan tambayata wa zai riƙe mata autarta. Ranar da aka sa mata ta je a ɗebi jini kafin fara kemo ta ƙi fita, ta ce kada mu ɓarnatar da kuɗi a kan gawa.

Gida kuma ya rabu. Mijinta ya hana a ambaci sunan ciwon a gabanta, alhali da kunnenta ta ji daga bakin likita. Mahaifiyarmu, Mma, ta tsaya a kan cewa hannu aka sa mata a kasuwa, tana ta aike wajen masu magani. Gwaggonninmu kuwa duk wadda ta shigo sai ta ce mata ta yi tawakkali, musulmi ba ya irin wannan zama, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce to.

Shin wannan jimami ne da duk wanda aka faɗa wa irin wannan labari zai shiga, wanda zai wuce da kansa idan aka ba shi lokaci, ko kuwa wani ciwo ne ya hau kan na farko? Idan ciwo ne, wajen wa ake kai mutum a nan Kumasi, kuma ta yaya zan faɗa mata ba tare da ta ɗauka ina nufin ta taɓu ba?

Nas daga Bantama, Kumasi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya ba yayarka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki da masu ciwon daji, kuma zan fara da abin da ba ya jiran gobe.

Rarraba kaya, da miƙa makullai, da kiran kanta gawa, alamu ne da ba mu wasa da su. Mai yiwuwa tana shirin mutuwar da take ganin ta gabato ne kawai, amma ba za a sani ba sai an tambaye ta. Wani bincike da aka yi a Suwidin a kan mutane fiye da miliyan 6, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2012, ya nuna cewa a makon farko bayan an sanar da mutum yana da ciwon daji, haɗarin ya halaka kansa yakan ninka fiye da sau 12, haɗarin mutuwa ta dalilin ciwon zuciya kuma fiye da sau 5, sannan haɗarin ya riƙa raguwa da tafiyar watanni. Mutanensu ba mutanenmu ba ne, amma darasin ɗaya ne, wato makonnin farko su ne mafi nauyi. Saboda haka a samu wanda ta fi sakewa da shi ya zauna da ita su biyu, ya tambaye ta a fili ko tunanin cutar da kanta yana zuwa mata. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Kafin nan a kwashe maganin ɓera da na ƙwari da duk tarin ƙwayoyin da ke ɗakin. Idan ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye a ranar. Kada tsoron 'yan sanda ya hana ku, domin tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka.

Game da tambayarka ta farko, firgici da rashin barci da ɗaukewar sha'awar abinci a kwanakin farko abu ne da kusan kowa ke shiga. Irin wannan yana zuwa ne yana tafiya. Mutum zai yi shiru da safe, da yamma jika ya ba shi dariya, kuma da zarar an tsara masa magani ya san ranar farawa sai ka ga ya fara tambayoyi yana dawowa hayyacinsa. Ciwon damuwa kuwa ba ya ɗagawa. Idan aka yi mako biyu ko fiye, kusan kowace rana, mutum yana cikin ƙunci, babu abin da ke faranta masa rai, yana ganin kansa kaya ne a wuyan iyali, ya yanke ƙauna ko da likita ya ce akwai mafita, to an wuce jimami. Gajiya da rama da ƙin abinci ba su isa hujja su kaɗai ba, domin sankarar kanta tana kawo su, shi ya sa muka fi sauraron abin da mutum ke faɗa game da kansa. Akwai takardar tambayoyi 14 da wasu likitoci biyu suka tsara a Ingila a 1983 domin majinyatan asibiti, wadda da gangan ta bar alamomin jiki ta tsaya a kan na zuciya. Akwai kuma ma'auni mai sauƙi inda ake ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 gwargwadon ƙuncinsa a makon da ya wuce, idan ya kai 4 sai a zurfafa bincike.

Mutane kan ce ai duk mai ciwon daji dole ya shiga wannan hali, kuma wannan magana ita ce ke sa a ƙyale marasa lafiya ba tare da taimako ba. Wani nazari da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2011, wanda ya tattara bincike 94, ya samu cewa kimanin mutum 16 cikin 100 na masu ciwon daji ne ke da ciwon damuwa na sosai, kimanin 10 cikin 100 kuma ke da ciwon fargaba. Ka ga ke nan mafi yawa ba sa kamuwa, wanda ya kamu kuma ciwo ne ya same shi mai magani. Dalilin da ya sa nake matsawa shi ne, an daɗe da gano cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya fi waninsa yiwuwar barin magani kusan ninki uku. Ana yawan faɗin cewa matanmu ba sa zuwa asibiti sai sankara ta yi nisa, kuma gaskiya ne, amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne akwai waɗanda suka zo da wuri, aka faɗa musu sakamako, suka ɓace, sai bayan watanni a dawo da su mama ya fashe yana wari. Ƙin zuwa ɗibar jinin nan da yayarka ta yi shi ne farkon wannan hanya.

Wanda za ku fara faɗa wa shi ne likitan da ke duba sankarar, kuma ka faɗa masa dalla-dalla yadda ka rubuta a nan, domin idan ya tambaye ta da kanta cewa za ta yi lafiya lau. Zai duba ko akwai ƙarancin jini, ko ciwon da take ɓoyewa, ko matsalar maƙoƙo, ko hauhawar sinadarin kalsiyam a jini, domin duk waɗannan suna iya jefa mutum cikin kasala da ruɗewa. Daga nan zai iya tura ta wajen masanin halayyar ɗan Adam ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda akwai shi a cikin Komfo Anokye. Ba maganar Pantang ko Ankaful, manyan asibitocin masu taɓin hankali, ake yi ba. Tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 manufar ita ce a riƙa duba mutane a asibitocin da ke kusa da su, su kwana a gidajensu. Wasu zaman tattaunawa kaɗai ke ishe su, wasu sai an haɗa da ƙwaya, ƙwayar kuma ba ta nuna aikinta sai bayan mako biyu zuwa shida, don haka kada a yar da ita a mako na farko a ce ba ta yi ba.

Abu biyu nake roƙonka. Kada kowa ya sayo mata diyazefam ko tiramol daga shagon magani don ta samu barci, domin suna kama jiki, tiramol kuma yana faɗa da magungunan damuwa. Sannan idan nan gaba aka ɗora ta a kan tamoksifen, wanda ake ba da yawa daga cikin masu sankarar mama na tsawon shekaru, lallai likitocin biyu su san abin da kowannensu ya rubuta, domin magungunan damuwa irin su faroksetin da fuluoksetin suna rage ƙarfinsa, akwai kuma wasu da ba sa yin haka sosai. Maganar yadda za ka faɗa mata kuwa, ni da zan ce mata za mu ga likitan da zai duba rashin barcin da faɗuwar gaban, in tsaya a nan.

Malami daga Nima, Accra

Assalamu alaikum. Allah Ya saka wa malamar jinya da alheri, ta sauke nauyin da ke kanta. Ni zan yi magana ne a kan gwaggonni da kuma mahaifiya, domin a nan ne nake ganin ana zaluntar marasa lafiya da sunan addini ba tare da an yi nufin haka ba.

Ɗana, ka faɗa wa iyayenka mata cikin ladabi cewa baƙin ciki ba kishiyar tawakkali ba ne. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, da 'ya'yansa suka zarge shi ya ce shi ga Allah yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa, kuma Allah bai zarge shi da raunin imani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya kuma kasance yana yawan neman tsarin Allah daga damuwa da baƙin ciki. Abin da ake neman tsari daga gare shi ba zunubin wanda ya same shi ba ne. Nana A'isha ta ruwaito cewa ya yi umarni da talbina, wani kunu na sha'ir, ya ce tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ke nan an yarda zuciyar majinyaci tana buƙatar kulawa da abin da hannu ke iya yi, ba wa'azi kaɗai ba. Idan mace tana cikin wannan hali aka ce mata musulmi ba ya haka, an ƙara mata kaya ne, domin yanzu bayan tsoron mutuwa tana kuma tsoron cewa Ubangijinta yana fushi da ita.

Ina goyon bayan a tambaye ta abin da malamar jinya ta ce, da sharaɗi guda. Duk wanda zai yi tambayar ya shirya jin amsa, kuma idan ta buɗe baki kada ya tare ta da maganar wuta da azaba. Hukuncin ta san shi tun tana makarantar allo. Idan aka amsa mata da tsoratarwa ba za ta ƙara faɗa wa kowa ba.

Game da mahaifiyarku, kada ka yi jayayya da ita a kan ko akwai sammu ko babu, domin ba za ka ci nasara ba, kuma za ka rasa wadda yayarka ta fi jin maganarta. Ka ce mata a yi addu'a, a yi tofi, a yi sadaka, a kuma je asibiti, tunda hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Wanda za a guda shi ne mai maganin da zai ce kada a bari ƙarfe ya taɓa ta, ko ya ba da abin shafawa mai cin fata, ko ya ce a dakatar da asibiti sai ya gama aikinsa. Na sallaci gawar mata a unguwarmu waɗanda irin wannan jira ya cinye.

Wani abu da mata ba sa iya tambaya saboda kunya shi ne ibada a lokacin jinya. Wasu idan aka yi musu tiyata aka sa musu robar fitar da ruwa sai su daina salla suna ganin ba su da tsarki, daga nan zuciya ta ƙara duhu. A sanar da ita tun yanzu cewa akwai taimama ga wanda ruwa zai cutar, akwai salla a zaune ko a kishingiɗe, azumi kuma an ɗauke wa marar lafiya har ya samu sauƙi.

Hajiya daga Asawase, Kumasi

Salamu alaikum. Ni na bi ta wannan hanya da ƙafata, an cire mini mama ɗaya, ga ni nan ina sana'ata ina aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Ɗana, shirun yayarka ba wofi ba ne, cike yake da tambayoyin da ba ta samu wanda za ta yi wa ba.

Ranar da aka faɗa mini, likitan ya yi bayani mai tsawo da Turanci yana haɗawa da yaren Tuwi, ga layi a waje yana jiransa. Sunan ciwon kaɗai na riƙe, sauran duk ya bi iska. Na koma gida da abin da na sani tun da, wato duk wadda aka yanka ta tafi, kemo yana ƙone mutum daga ciki, miji kuma zai ƙaro wata kafin a cire zare. Babu wanda na faɗa wa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu zuwa dubiya suna cika ɗaki, wannan ta ba da labarin ƙanwar kishiyarta da ciwon ya kashe, waccan ta kawo gora cike da jiƙo, ni kuma ina ta cewa na gode.

Abin da ya buɗe bakina wata mata ce da ta gama nata maganin. Ta kore kowa daga ɗakin, ta sa sakata, ta cire mayafi ta ɗaga riga ta nuna mini tabon, layi ɗaya a kwance ya warke sumul, ta kama hannuna ta ɗora a kai. Sannan ta zauna ta faɗa mini abin da zai faru ɗaya bayan ɗaya. Ta ce akwai jan magani a cikin kemo da zai sa fitsarina ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada in zaci jini ne. Ta ce sumata za ta fara zuba mako biyu zuwa uku bayan allurar farko, gara in aske da kaina in ɗaura ɗankwali, kuma za ta sake tsirowa. Ta ce akwai ƙwayar da ake bayarwa tare da kemo don hana amai, deksametason, wadda ke hana barci ta sa mutum ya riƙa jin zafin rai, kada in ɗauka haukacewa nake yi. Duk abin da ta lissafa ya zo, amma da yake na san da zuwansa bai kayar da ni ba. Har tashin zuciyar da ke kama ni tun daga ƙofar asibiti kafin a sa mini komai, ta riga ta gaya mini cewa tsoro ne ke kawo shi, kuma a faɗa wa likita.

Ka nemo wa yayarka irin wannan mata, kuma idan da hali mai jin Hausa. Ƙungiyar Breast Care International da Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a 2002, wadda ke tare da asibitin Peace and Love a nan Kumasi, tana da matan da suka warke masu zuwa su yi wa sababbi magana. Ba a can aka yi mini magani ba, amma na san aikinsu. Ma'aikatan jinya na inda ake duba ta su ma sun san tsofaffin majinyatansu.

A wuri ɗaya na saba da malamar jinya, ta yi mini afuwa. Kada a ɓoye mata ko wane irin likita za ta gani. Macen da ta riƙe shago a Kejetia ba yarinya ba ce, za ta karanta allon ƙofa, kuma ranar da ta gane an yi mata dabara ta daina yarda da kai ke nan, alhali kai kaɗai ka rage mata. Ka ce mata gaskiya, cewa wannan labari yana jijjiga zuciya har ta kamu da nata ciwon, kuma akwai masu duba shi. Ni kaina na sha ƙwayar damuwa na wasu watanni da umarnin likita, da na samu sauƙi aka janye mini ita a hankali, ban kuma taɓa jin kunyar faɗa ba. Masu dubiya kuma a rage su, a sa mutum ɗaya mai baki a ƙofa.

Alhaji daga Madina, Accra

Assalamu alaikum. Maiɗakina ta yi wannan jinya, don haka zan ƙara abin da na gani ta ɓangaren maza da aljihu. Kalmar da yayarka ta faɗa, kada a ɓarnatar da kuɗi, a saurare ta da kyau. 'Yar kasuwa ce, lissafi take yi cikin dare, kuma tana ganin jarin da ta tara da kuɗin makarantar yara za su tafi a kanta. Cewa kada ta damu ba ya kashe lissafi, sai wani lissafin. Ku zauna da ofishin jin daɗin jama'a na asibitin ku san abin da inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗauka, domin sankarar mama da ta bakin mahaifa suna cikin jerinta, ku kuma san gwaje-gwaje da hotuna da magungunan da za ku biya da kanku. Ku duba katinta bai mutu ba, ana sabuntawa ta waya da *929#. Sannan ku rubuta a takarda wane ne ya ɗauki me, ku nuna mata. Ku ma kuna da sa'a ɗaya, domin Komfo Anokye na da na'urar gashin ciwon daji tun 2004, bayan ta asibitin Korle Bu na Accra da aka buɗe a 1997. Mutanen Tamale da Bolga da Wa sun sha barin gidajensu su yi makonni a Kumasi ko Accra saboda wannan gashi, ku kuwa kuɗin mota ne zuwa Bantama, inda asibitin yake.

Makullan shagon nan a mayar mata. Ko ba ta fita, yarinyar ta riƙa kawo mata cinikin rana da yamma ta ƙirga da hannunta, ta faɗi wace atamfa za a saro.

Mijin kuma kada ku ɗauke shi mugu. Wanda ya hana a ambaci sunan ciwo yawanci shi ne ya fi kowa tsoro, kuma mu maza ba a koya mana inda za mu kai irin wannan ba. A samu babba da yake jin nauyinsa ya zauna da shi, ya fahimtar da shi cewa shirunsa ita tana fassara shi da cewa ya riga ya fitar da rai da ita, ko ya fara duba wani gida. Ya raka ta asibiti ya ji bayani da kunnensa, ya kuma faɗa mata da bakinsa, ba ta hanyar aike ba, cewa ko an cire maman tana nan matarsa.

Ɗan Aboabo, Kumasi

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Aminiyarta ta ƙuruciya ta zauna da ita jiya da dare ta yi mata tambayar. Ta ce ba ta taɓa tunanin yi wa kanta wani abu ba, tana tsoron Allah, amma takan yi fatan ta kwanta kada ta farka. Ta kuma faɗi abin da ba mu sani ba, cewa maƙwabciyar shagonta ta rasu bayan an fara mata kemo, shi ya sa take ganin allurar ce ke kisa. Ta yarda za ta je ɗibar jini ranar Litinin idan aminiyar za ta raka ta, kuma na bi shawarar Hajiya na faɗa mata gaskiyar likitan da nake so ta gani, ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a ba. Malama, saura jiƙon da Mma ke ba ta safe da yamma. In hana ne, ko in bari?

Nas daga Bantama, Kumasi

Hajiya ta fi ni gaskiya a wancan batu, na karɓa. Fatan kwanciya ba farkawa da ta ambata, ko da babu niyyar aikata komai, ka faɗa wa likita ranar Litinin da kalmomin da ta yi amfani da su, kuma a ci gaba da kwana da ita a ɗaki. Labarin maƙwabciyar ma a faɗa masa a gabanta, domin ya bayyana mata bambancin wadda aka fara wa magani bayan ciwo ya bazu da wadda nata bai bazu ba, ya kuma gaya mata cewa gwajin jinin da take gudu shi ne ke nuna ko jikinta zai ɗauki allurar kafin a sa mata.

Jiƙon kuwa a dakatar da shi kafin a fara kemo, domin hanta da ƙoda ne ke tace maganin, kuma ba mu san abin da ke cikin gorar ba. Kada ka zubar a gaban Mma. Ka ɗauki gorar da duk wani ƙulli da aka kawo ku tafi da su asibiti, ka roƙi Mma ta biyo ku ta ji daga bakin likita, sannan a ba ta aikin da zai maye gurbinsa, kamar dama kunu da tofi a ruwan sha mai tsabta. Ku rubuta tambayoyinku a takarda tun daga gida, mutum ɗaya ya riƙa rubuta amsa, kuma idan bayanin ya yi sauri ku nemi a kira ma'aikaci mai jin Hausa ya maimaita mata.